Tayar sanyi ga mota mai gudu: yadda ake zaɓenta a ƙasar ƙanƙara, da yadda ake gane ta in ta iso Maraɗi

Da yawa daga cikin manyan motocin da ke yawo a Maraɗi, Marsandi ce ko BMW ko Audi ko Lexus, daga Turai da Amurka suka taso, suka sauka a tashar ruwa ta Kwatano ko ta Lome, aka koro su gida. Wasu kan iso sanye da tayoyin da aka ƙera domin dusar ƙanƙara, ko don a watannin sanyi aka sayar da motar, ko don mai ita na farko ya riƙe tayoyin zafi ya bar mata na sanyi. Tayoyin hannu da ake jibgewa a ƙofar shaguna su ma haka, na sanyi na cikinsu birjik, kuma su suka fi ɗaukar ido saboda zurfin zanensu. Ga kuma ƴan uwa mazauna Jamus da Faransa da Kanada, waɗanda in Nuwamba ta kama ba su da makawa sai sun nemi tayar sanyi. Za mu fara da matakan zaɓenta ga wanda yake can, sannan mu dawo gida mu ga yadda ake gane ta da abin da ya dace a sa a madadinta.

Abin da ya raba ta da sauran tayoyi

Bambancin yana cikin robar tun kafin a zo kan zane. Robar tayar zafi an haɗa ta ne ta yi aiki a kan kwalta mai ɗumi. In yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7 sai ta fara ƙandarewa, ta daina lafewa a jikin kwalta, riƙonta ya ragu. Tayoyin zafi na motocin gudu sun fi kowacce wannan matsala, har masu ƙera su kan yi gargaɗin cewa robar na iya tsagewa in aka tuƙa su cikin sanyin da ya kai digiri 7 ƙasa da sifili. Ita tayar sanyi an yawaita mata robar itace da sinadarin silika, don ta zauna da laushinta komai sanyi. Kowane haƙori na zanenta kuma an yayyanka shi da siraran tsage masu lanƙwasa, su ne ke buɗewa su ciji dusa. Ramukan zanen sun fi zurfi, suna cika da dusa, ita dusar ta kama ƴar uwarta da ke ƙasa.

Abin da ya gyara ta can shi ke ɓata ta nan. Cikin zafi roba mai laushi takan ƙara saki. Haƙoran da aka yayyanka sai su riƙa tanƙwarewa duk lokacin da aka taka burki ko aka sha kwana, tanƙwarewar na haifar da zafi, zafin na cinye roba yana kuma raunana mannewarta da wayoyin ƙarfe na ciki. Mota ta ƙara mitoci kafin ta tsaya, sitiyari ya yi sako-sako. Mai gudun kilomita 120 a awa yana cin mita 33 a daƙiƙa guda, don haka ƴan mitocin nan su ne tsakaninsa da amalanken da ya hau kwalta ba zato. Kada kuma hunturunmu ya ruɗi kowa: a Disamba da Janairu asubar Maraɗi takan tsaya wajen digiri 12 zuwa 15, rana ta ɗaga ta koma kusan 30. A Afrilu da Mayu ana wuce 40, ita kwalta ta haura 60.

Mataki na farko: motar za ka fara tambaya

Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kansa. Akwai ƴar takarda manne da ke ɗauke da girman taya da yawan iska. A motocin Jamus sau da yawa tana cikin murfin tankin mai. Ita da littafin motar su ne hujja, ba tayar da ka tarar a ƙafar mota ba, domin mai yiwuwa wani ya riga ya yi mata kuskure.

A ce ka ga 245/40 R18 97V XL. Lamba 245 faɗin taya ne da milimita. 40 na nufin tsayin gefenta kashi 40 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 98. 18 girman wili ne da inci. 97 lambar nauyi ce, V harafin gudu, XL kuma taya ce da aka ƙarfafa ta ɗauki ƙarin iska da ƙarin kaya.

Lambar nauyi ba kilo ba ce kai tsaye, sai an fassara: 91 kilo 615 ke nan a kan taya ɗaya, 94 kilo 670, 97 kilo 730, 100 kilo 800, 104 kilo 900, 108 kilo 1000. Wannan lamba ba a rage ta, a sanyi ko a zafi. Ana iya hawa sama, ba a sauka ƙasa. Haruffan gudu kuwa: Q kilomita 160 a awa, R 170, T 190, H 210, V 240, W 270, Y 300. A Turai an yarda a sa tayar sanyi mai harafin da bai kai ƙarshen gudun mota ba, amma a Jamus sai an manna ƴar takardar tunatarwa inda direba ke gani, ko a saita iyakar a allon motar. Duk da wannan sassauci, in ba a ƙasa mai tsananin ƙanƙara ba, mota mai ƙarfin inji kada ta sauka ƙasa da H, kuma V ya fi. Harafin ba gudu kaɗai yake nunawa ba, yana nuna taurin jikin taya da yadda take jure zafi.

Mataki na biyu: wace ƙasa, wane irin sanyi

Alamu biyu ake gani a gefen taya, mutane na ɗaukarsu ɗaya alhali ba haka ba ne. M+S, wato laka da dusa, kamfani ne ke rubutawa da kansa bisa tsarin zane, ba wani gwaji da aka ɗora masa. Ta biyun hoton dutse ne mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusa a tsakiyarsa, ita ba a sa ta sai taya ta ci gwajin riƙo a kan dusa. Ita za ka nema.

Doka ma ta koma kanta. A Jamus ba a yanke rana ba: duk lokacin da hanya ke da ƙanƙara ko dusa dole ne mota ta kasance da tayar sanyi, kuma daga 1 ga Oktoba 2024 mai hoton dutse kaɗai ake karɓa. Wanda aka kama, tarar yuro 60 ce da maki ɗaya a lasisinsa. A Faransa dokar ta shafi yankunan tsaunuka da aka ware, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ko tayoyin sanyi huɗu ko sarƙar taya a cikin but, kuma tun Nuwamba 2024 M+S kaɗai ba ta wadatarwa. A Ostiriya daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu ne in yanayi ya ɓaci, zurfin zane kuma kada ya gaza milimita 4. A lardin Kebek na Kanada wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Beljiyam ba ta tilasta ba, amma mazaunin can in ya tsallaka Jamus dokar Jamus ce a kansa.

Su tayoyin sanyin kashi uku ne. Akwai waɗanda aka yi wa motocin gudu a tsakiyar Turai, irin su Michelin Pilot Alpin, Pirelli Winter Sottozero, Continental WinterContact, Bridgestone Blizzak LM005 da Goodyear UltraGrip Performance. Robarsu ba ta cika laushi ba, harafinsu H ne ko V ko W, sun fi kyau a jiƙaƙƙiyar kwalta mai sanyi da dusar da ke narkewa. Akwai na arewacin Turai da Kanada, irin su Nokian Hakkapeliitta R, Michelin X-Ice da Continental VikingContact, masu laushi ƙwarai, gwanaye a kan ƙanƙara, amma yawancinsu R ne ko T, kuma a busasshiyar kwalta mota mai ƙarfi takan riƙa lilo a kansu. Na ukun masu ƙusoshin ƙarfe ne, ana amfani da su a Finlan da Suwidin da Norwe, an hana su a Jamus.

Ka yi wa kanka gaskiya wajen zaɓe. In a Bon ko Liyon ko Birasels kake, inda ake share hanya a zuba gishiri, kwanakin da za ka taka ainihin ƙanƙara kaɗan ne, kashi na farko shi ne naka. In a Montireyal kake, inda sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, ɗauki kashi na biyu ka haƙura da gudu har Afrilu.

Mataki na uku: girma da wili

A nan masu motocin gudu suka fi yin asarar kuɗi. Taya mai faɗi tana da daɗi a busasshiyar hanya, amma cikin dusa mai narkewa sai ta hau samanta maimakon ta yanka ta. Shi ya sa ake ɗan rage faɗi lokacin sanyi, a wasu motocin a rage wili da inci ɗaya a ƙara tsayin gefe. Sharaɗin shi ne tsayin tayar gaba ɗaya kada ya canza sosai, don na'urar hana zamewar burki da agogon gudu da shi suke lissafi.

Lissafin ba wuya. Ninka tsayin gefe sau biyu, ka haɗa da girman wili, inci ɗaya milimita 25.4 ne. Tayar 245/40 R18 ta ba da 98 sau biyu da 457, jimla 653. Tayar 225/45 R18 ta ba da 660, 225/50 R17 kuma 657. Duka biyun ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, sun yi. In bambanci ya haura kashi 2 zuwa 3, bar shi. A Jamus ma girman da aka yarda wa motarka yana rubuce a takardunta, ba a fita daga ciki.

Kafin ka biya kuɗin ƙaramin wili, a gwada shi a ƙafar gaba. Motocin gudu faifan burkinsu babba ne, ƙarfen da ke matse shi kuma ya turo waje, wilin inci 17 na iya ƙin shiga ko ya riƙa gogarsa. Sannan abubuwa huɗu su dace. Tazarar ramukan noti, wato yawan ramukan da faɗin da'irarsu da milimita: yawancin Marsandi da Audi 5x112 ne, tsofaffin BMW 5x120, sababbinsu 5x112, Camry da yawancin Lexus 5x114.3. Faɗin ramin tsakiya. Lambar ET, wadda ke nuna yadda wili zai shige ciki ko ya fito waje. Sai wuyan noti: wilin asali na Marsandi da Audi mai zagayayyen wuya yake so, na BMW mai tsinin mazurari. In aka sa wanda bai dace ba, notin zai ɗauru kamar lafiya lau, amma a bakinsa kawai yake riƙe, kuma zai kwance a hanya.

Wasu daga cikin motocin nan tayar baya ta fi ta gaba faɗi. In littafin motar ya yarda, sa girma ɗaya a ƙafa huɗu lokacin sanyi, ya fi araha kuma kana iya juya na gaba su koma baya. Wilin sanyi daban ya fi, domin gishirin hanya yana cin fenti, cirewa da mayarwa sau biyu a shekara kuma na wahalar da bakin taya mai gajeren gefe.

Mataki na huɗu: huɗu ake saye

Mai motar da ke ja da baya yakan ce bari ya sa biyu a baya kawai. Za ta tashi, amma gaba ba zai juya ba, ba kuma zai tsaya ba. Wanda ya sa biyu a gaba kawai, baya zai wulwulo masa a kwana ta farko. Mai jan ƙafa huɗu shi ma kada ya saki jiki: ƙafa huɗun a tashi suke taimako, wajen tsayawa kuwa daidai yake da kowa. A irin wannan mota zurfin zanen tayoyin kada ya bambanta da fiye da milimita 2 zuwa 3, in ba haka ba giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya za ta yi ta aiki ba hutu har ta lalace.

Duba ko akwai alamar kamfanin motarka a jikin taya: tauraro na BMW ne, MO na Marsandi, AO na Audi, N0 ko N1 na Porsche. In ta samu ta fi, a Porsche kuwa a dage a nemo ta. In motarka ba ta zo da safaya ba, mai yiwuwa tayoyinta irin masu tafiya ba iska ne, masu alamar RFT, ZP, SSR ko RSC, waɗanda kan yi kusan kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba bayan sun sace. Ba a gauraya su da na gama-gari. Wilin sanyi kuma yana bukatar tasa na'urar awon iska in motar a cikin wili take aunawa, in ba haka ba fitilar gargaɗi ba za ta mutu ba.

Mataki na biyar: shekarun taya

Nemo haruffan DOT a gefen taya ka bi layin har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 3823 na nufin mako na 38 a 2023. A gefe ɗaya kawai ake rubuta su cikakku, in ba ka gani ba juya tayar. Sabuwa kada ta haura shekara 2 zuwa 3 a ranar saye. Tayar sanyi in ta kai shekara 6 robarta ta fara tauri ko da zanen na nan, wadda ta cika 10 kuwa ta gama aiki ko ba a taɓa ɗaura ta ba. A takardar da ake manna wa sabuwar taya a Turai, dubi harafin riƙon jiƙaƙƙiyar hanya, daga A zuwa E, ka tsaya a A ko B.

Ɗauri da kulawa

In ka ga kibiya da kalmar Rotation, kibiyar ta fuskanci inda mota ke tafiya. In Outside ka gani, wannan gefen ne waje. A goge tsatsar mazaunin wili, a yi balansi, a sa sabon bawul. A ɗaure noti bi da bi, daga wannan a tsallaka zuwa na daura da shi, da sifana mai awo. Ƙarfin ɗaurin da Nm ake auna shi, yawancin ƙananan motoci tsakanin Nm 100 da 150 suke, ainihin lambar tana cikin littafi. Bindigar iska takan wuce kima ta miƙar da noti. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa.

Kilomita 200 zuwa 300 na farko a bi a hankali, sabuwar taya tana da santsin masana'anta. Iskar taya da ma'aunin bar ake auna ta, kuma tana raguwa da kusan bar 0.1 duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 10, saboda haka wanda ya hura a gareji mai ɗumi ya fita cikin sanyi ya ƙara bar 0.2. Doka a yawancin Turai milimita 1.6 ta ce, amma tayar sanyi in ta sauka ƙasa da 4 tsagenta sun kusa ƙarewa, aikinta a dusa ya tafi. In yanayi ya zauna sama da digiri 7 a cire, a wanke gishiri, a rubuta wa kowacce ƙafar da ta fito, a ajiye a inuwa.

In ta iso Maraɗi

Wannan milimita 4 da ake cire ta a kai, ita ta cika mana kasuwa. Bature ya cire ta saboda ta daina yi masa aiki a dusa, mu kuma a idonmu tana da sauran rai. Mai shago zai buga ta da ƙasa ya ce, "Alhaji, dubi haƙora, wannan ai ba ta ga hanya ba." Sau da yawa shi ma bai san ta sanyi ba ce, a dunƙule aka sauke masa kaya. Kai za ka karanta da kanka.

Fara da suna. Duk wadda ka ga Winter, Alpin, Blizzak, Sottozero, UltraGrip, X-Ice, iceGUARD, Hakkapeliitta ko Studless a jikinta, ta sanyi ce. Duba hoton dutsen nan mai ƙwayar dusa. Dubi haƙoran da kyau: in kowanne an yayyanka shi da siraran layuka masu lanƙwasa, huɗu ko biyar ko fiye, ita ce. Danna haƙori da babban yatsa, na sanyi yakan kwanta cikin sauƙi. In ka ga ƙananan ramuka zagayayyu jere a kan zane, gurbin ƙusoshi ne da aka zare, wannan kada ma ka tambayi kuɗinta. Faffaɗar taya mai harafin Q ko R ko T ita ma abar tuhuma ce.

Sai dai kada a yi wa M+S kuɗin goro. Tayoyin Hilux da Prado da Land Cruiser da yawa suna ɗauke da ita, haka tayoyin da motocin Amurka ke zuwa da su, kuma ba na sanyi ba ne. Akwai ma na kowane yanayi, irin su Michelin CrossClimate da Goodyear Vector 4Seasons, masu hoton dutse, waɗanda ke jure zafi fiye da ainihin na sanyi. In mota ta zo da su a ci gaba da amfani har su ƙare, amma in za a saya wa mota mai gudu sababbi, tayar zafi ce ta dace da ƙasar nan wata goma sha biyu.

In motarka ta riga ta iso da na sanyi, ba sai ka jingine ta yau ba. Cikin gari, a gudun gari, za su kai ka. Abin da ba a yi da su shi ne doguwar tafiya da rana tsaka da kaya: Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, zuwa Damagaram kusan 240, kuma a irin waɗannan miƙaƙƙun wurare ne ƙafa ke nauyi a kan totur. In tafiyar ta zama dole kafin a canza, a tashi da asuba, kada a wuce 90, a riƙa tsayawa ana dubawa. A canza huɗun kafin bazara. In aljihu bai kai ba a sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, a cike sauran da wuri. Ta sanyi a dama ta zafi a hagu kuwa, wannan ba a yinsa ko na yini ɗaya, don burki zai fizgi motar gefe.

Wajen sayen madadin, matakin farko bai canza ba: girma, lambar nauyi da harafin gudu daga takardar ƙofa. Ƙari a nan shi ne kalmar Temperature a gefen taya, da harafi a gabanta. A ta ci gwajin zafi a gudun da ya haura kilomita 185, B tsakanin 160 da 185, C ƙasa da haka. A ƙasar da kwalta ke ƙona tafin ƙafa, A za ka nema. Ainihin tayoyin sanyi galibi ba sa ɗauke da wannan rubutu ma sam.

Sai maganar tsayin gefe, wadda ta fi muhimmanci a hanyoyinmu fiye da sunan kamfani. Motar da ta zo da 245/35 R19 gefen tayarta milimita 86 ne kacal. Rami ɗaya tsakanin Gidan Rumji da Ƙonni, ko kan hanyar Dakwaro, ya isa ya matse gefen a bakin wili, zaren ciki ya tsinke, ƙullutu ya fito, wani lokaci wilin ma ya lanƙwashe. 245/40 R18 na ba da 98, 245/45 R17 na ba da 110, kuma duka ukun tsayinsu ɗaya ne, tsakanin 652 da 654. In burki ya bar wuri, sauka inci ɗaya. Abin da za ka rasa a kaifin sitiyari kaɗan ne, abin da za ka tsira da shi mai yawa. Haka kuma taya irin Michelin Primacy, Continental PremiumContact ko Bridgestone Turanza mai harafin V ko W ta fi dacewa da mai zirga-zirgar Katsina da Yamai fiye da wadda aka yi don filin tsere, mai saurin cinyewa. Da damina, musamman Agusta in ruwa ya kwanta a kwalta, zanen da ya gaza milimita 3 ba ya iya korar ruwa, faffaɗar taya sai ta hau samansa sitiyari ya zama ba ya da amfani.

In dole sai ta hannu, a ciro ta daga wili ka ga cikinta da idonka. Baƙin gari a ciki, ko fatar ciki da ta yamutse a zagaye, alama ce an tuƙa ta ba iska, gefenta ya mutu ko da waje na sheƙi. Ƙirga facin da ke ciki. Bi bakin da ke zama a wili da yatsa, in waya ta fito ko roba ta ɓalle, iska ba za ta zauna ba. Buɗa ramukan zane ka nemi tsattsagewa. Auna zurfi a gefen ciki da tsakiya da gefen waje, a wuri uku a zagayen. In an kankare DOT, ko ka ga an sake yanka zane da wuƙa mai zafi, ajiye ta. Sake yanka zane na tayoyin manyan motocin ɗaukar kaya ne da aka ƙera da kaurin hakan, tayar ƙaramar mota waya na nan dab da ƙasan zanen.

Iska kuma da safe ake aunawa, kafin mota ta yi tafiya, kuma kafin rana ta bugi gefe ɗaya. Bar ɗaya, wanda wasu ke ce wa kilo, daidai yake da psi 14.5, wato bar 2.5 kusan psi 36 ke nan. Tabbatar kai da mai faci ma'auni ɗaya kuke magana a kai, ya fi kyau ma ka mallaki gejinka. Takardar ƙofa na da lamba biyu, ta mota wayam da ta cikakken kaya. In za a cika ta da iyali da buhuna, ta biyun ake bi. Akwai al'adar sace iska in an tsaya a hanya don kada taya ta fashe da zafi, kuma ita ce ke fasa ta. Taya mai zafi dama iskarta kan hau da bar 0.2 zuwa 0.3, masu ƙera ta sun san da haka. In ka sace, gefenta zai ƙara tanƙwarewa, zafi ya ninku, zane ya rabu da waya ana cikin gudu.

In ƙusa ta shiga, hujin da ake gyarawa shi ne wanda ke tsakiyar zane kuma bai wuce milimita 6 ba. A cire tayar, a toshe hujin, a manna faci ta ciki. Igiyar roba da ake cusawa ta waje ta kai ka gari ce kawai. Huji a gefe ko a kafaɗar taya, ko ƙullutu komai ƙanƙantarsa, ba su da gyara, ko da an ce za a gasa ta a sa mata tib. Wasu kamfanonin ma sun ce tayar da aka yi wa faci ta rasa harafin gudunta, don haka wadda aka gyara ba a ƙure mata gudu.